Kwana 19 tsakanin Ejigbo da Monrobiya

Duk wanda ya tashi a Agege ya san ƙarar jirgi kamar yadda ɗan bakin kasuwa ya san hayaniya. Jiragen da za su sauka Ikeja ta kanmu suke bi, ƙasa-ƙasa, har ka hangi tayoyinsu a waje. Muna yara da kunne muke bambance su. Na fasinja ƙara gare shi siririya, shi kuwa na soja mai farfela huɗu gurnani yake yi, ƙirjinka zai ji shi kafin kunnenka, kwanon rufin ɗaki yana amsa masa. Kawuna, wanda ya bar soja yana saje, bai taɓa kiran sa C-130 ba. Cali yake ce masa, kamar yadda sauran sojoji ke cewa, sai ka ɗauka wani abokinsa ne da suka yi kurtu tare.

Wannan jirgin ne ya kai shi Laberiya a ƙarshen 1992, kuma a kan watannin nan nake so in tsaya, don a cikinsu ne aka ga yadda rundunar da ke yaƙi a ƙasar wasu take rataye da 'yan jirage ƙalilan da titin jirgin da ba nata ba.

Yadda aka kai can

Madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya tsallako Laberiya daga Kwaddibuwa ranar 24 ga Disamba, 1989. Kafin tsakiyar 1990 yawancin ƙasar na hannunsa, Shugaba Samuel Doe na maƙale a fadarsa. A watan Agusta wasu shugabannin ECOWAS suka zauna a Banjul suka kafa rundunar raba faɗa ta ECOMOG da sojojin Najeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya. An tara su a Freetown, suka shiga jiragen ruwa, ciki har da NNS Ambe na Najeriya, suka sauka tashar ruwan Monrobiya ranar 24 ga Agusta ana harbin su. Janar Arnold Quainoo na Gana ne kwamanda na farko. Bayan da Prince Johnson, madugun wani ɓangaren 'yan tawayen, ya kama Doe a hedikwatar ECOMOG ɗin kanta ranar 9 ga Satumba, Janar Ibrahim Babangida ya tura Joshua Dogonyaro, daga nan kuma jagorancin fagen daga ya zauna a hannun Najeriya.

Ta ruwa aka shiga saboda babu inda za a sauka ta sama. Babban filin jirgin Laberiya, Robertsfield, wanda aka gina da taimakon Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kusa da gonar robar Firestone, yana da titi mai tsawon fiye da kilomita 3, babu jirgin da ba zai ɗauka ba. Sai dai kilomita 50 da wani abu ne daga Monrobiya, kuma yana hannun Taylor. Abin da ECOMOG ta samu daga baya shi ne Spriggs Payne, ƙaramin fili a unguwar Sinkor cikin gari, titinsa bai kai kilomita 2 ba, gidaje da fadama sun kewaye shi. Cali zai sauka, don dama irin wuraren da aka ƙera shi dominsu ke nan. Manyan jiragen dakon kaya masu nauyi kuwa, ko kusa.

Shi ya sa aka jingina da Lungi, filin jirgin Saliyo, wanda ke tsallaken ruwa daga Freetown. Can ne aka ajiye jiragen yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet, can ake shan mai, can ake sauke wani kaya a ɗora wani. Hanyar ta zama mai tasha uku: Ikeja, Lungi, Spriggs Payne.

Lissafin da ba a yi wa gardama

Najeriya ta sayi C-130 guda tara gaba ɗaya: shida a tsakiyar shekarun 1970, uku masu dogon jiki a 1985. Gidansu Ikeja, a sansanin da yau ake kira Sam Ethnan, kuma titi ɗaya suke amfani da shi da jiragen fasinja na filin Murtala Muhammed. Kamfanin Lockheed na Amurka ne ya ƙera su, injunan na Allison ne, ko wane ƙarfe ya lalace daga waje za a kawo shi da kuɗin waje.

Mai gajeren jikin yana ɗaukar soja 92 da bindigoginsu, mai dogon kuma 128. In kaya ne zalla, kimanin tan 19. Daga Legas zuwa Monrobiya kilomita 1,500 ne da 'yan kai, zuwa Lungi kuma ya haura 1,800. Da gudun Cali, awa uku ne zuwa uku da rabi a tafi, haka a dawo. Ka haɗa da lodi, shan mai, duba inji da hutun matuƙa, za ka ga jirgi ɗaya sawu ɗaya yake yi a yini. Bataliya guda mai mutum 700 zuwa 800 tana cin sawu takwas ko tara na mutane kawai, ba a zo maganar motoci, tukwane, buhunan shinkafa da garin kwaki ba. Harsashin igwa mai milimita 105, kansa kaɗai kilo 15 ne, ban da garin da ke tura shi da akwatin da aka sa shi. Abin da jirgi ya yini yana kaiwa, igwa shida za su iya cinye shi kafin rana ta faɗi in wuta ta yi wuta.

To me ya hana a bi ta ruwa? Ana bi. Tankoki, motoci masu sulke, man fetur da yawancin abinci daga Apapa suke tashi. Amma jirgin ruwa kwana uku ne a hanya in komai ya tafi daidai, ban da kwanakin lodi da na saukewa. Wanda ake harbi yau ba zai jira mako ba, wanda harsashi ya fasa wa ciki kuma ko kwana ɗaya ya yi masa yawa.

Akwai kuma maganar izini, wadda mutane ba su cika sani ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ce jirgin soja ba ya ratsa samaniyar wata ƙasa, ba ya sauka a cikinta, sai da amincewarta. Miƙaƙƙiyar hanya daga Legas tana bi ta Benin, Togo, Gana da Kwaddibuwa, ga shi gwamnatin Houphouët-Boigny a Abidjan da ta Blaise Compaoré a Wagadugu sun fi karkata ga Taylor. Ashe tun kafin a tada inji, jami'in diflomasiyya ya riga matuƙi fara aiki.

Mai masauki

Shugaban Saliyo Joseph Momoh, wanda ya sami horon soja a Najeriya, shi ya buɗe wa ECOMOG ƙofar Lungi. Taylor bai ɓoye fushinsa ba. A ƙarshen 1990 ya faɗa a gidan rediyon BBC cewa Saliyo za ta ɗanɗani ɗacin yaƙi. Ranar 23 ga Maris, 1991, 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh suka shigo ta Bomaru a gundumar Kailahun da goyon bayan mutanen Taylor. Ba na cewa Lungi kaɗai ta jawo yaƙin Saliyo, don ƙasar tana da nata ciwon tun da daɗewa, ga lu'ulu'u yana kiran masu kwaɗayi. Amma ba da aron filin ya ba Taylor hujjar da zai riƙa nunawa, kuma talakan Kailahun da bai taɓa shiga jirgi ba shi ya fara biya.

Ranar 29 ga Afrilu, 1992, wasu ƙananan hafsoshi suka kifar da Momoh, Kyaftin Valentine Strasser, ɗan shekara 25, ya hau. An yi sa'a sabuwar gwamnatin ita ma tana buƙatar sojojin Najeriya da na Gini don ta tare RUF, saboda haka ba a taɓa yarjejeniyar Lungi ba. Da wani ne ya hau mai wata manufa daban, da tashar tsakiya ta hanyar ta tafi a dare ɗaya, babu wanda ya harba wa jirgin Najeriya ko harsashi guda. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Asabar, 26 ga Satumba, 1992

Da yammacin ranar, C-130 mai lamba NAF 911 ya tashi daga Ikeja zuwa Kaduna. Ba aikin ECOMOG ya fita ba. Yana ɗauke ne da hafsoshin da ke kwas a Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji, waɗanda suka zo Legas ziyarar karatu, yawancinsu manjoji da takwarorinsu na sojan ruwa da na sama, har da baƙi daga wasu ƙasashen Afirka. 'Yan mintuna bayan tashi injunan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya faɗa fadamar Ejigbo. Mutum fiye da 150 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Jirgin mai gajeren jiki ne, wanda na ce kujerunsa na soja 92 ne.

Ejigbo ba daji ba ce, cikin Legas take, kusa da filin jirgin. Amma laka ta hana motoci shiga, aka daɗe ana fama kafin a kwashe gawarwaki. Na tuna washegari a teburin mai shayin layinmu, rediyo a kunne, babu mai magana. Wani dattijo mai sayar da goro yana ta maimaita innalillahi, ya manta da kofin da ke hannunsa har ya huce. Gidaje da yawa a Arewa sun yi zaman makoki a makon nan, kuma masu zuwa ta'aziyya daga Legas sun cika motocin Kaduna da Kano.

In aka kalle shi da idon mai lissafin jigila, abin ya taɓa wuri uku a lokaci guda. Jirgi ɗaya cikin tara ya tafi, a rundunar da ko yaushe wasu na kwance ana jiran kayan gyara. Matuƙa da injiniyoyin da ke cikinsa sun tafi, su kuwa ba a sayo su a kasuwa, shekaru ake yi ana rainon su. Sannan manjo shi ne mataimakin kwamandan bataliya, shi ne hafsan da ke zaune a ofis yana tsara wa zai tafi, da me, a wane sawu. Irin mutanen da yaƙi ke buƙata ke nan aka rasa a yammaci ɗaya. Sai abin da ba a rubutawa a takarda: sojan da za a ce ya hau irin wannan jirgin bayan mako biyu, da matarsa da za ta raka shi bakin get.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Kwana 19 bayan Ejigbo, da asuba, Taylor ya ƙaddamar da harin da aka sa wa suna Octopus, wato dabbar ruwan nan mai hannu takwas. Sunan ya dace, don ta ko'ina aka shigo wa Monrobiya. Sansanin Prince Johnson da ke Caldwell ya watse, shi kansa ECOMOG ta ɗauke shi, a ƙarshe ya zo ya yi shekaru yana gudun hijira a nan Legas. Mayaƙa, da yawansu yara, suka ratso fadamu suka shiga Gardnersville da sauran unguwannin bayan gari. A makonnin nan ne aka kashe mata biyar 'yan Amurka masu hidimar coci. Dubban mutane suka kwararo tsakiyar gari. Janar Ishaya Bakut ne kwamanda lokacin da abin ya soma, kafin shekarar ta ƙare Adetunji Olurin ya karɓe shi.

ECOMOG ta rage da tashar ruwa, da Spriggs Payne, da ɗan abin da ke tsakaninsu, teku a bayanta. Duka biyun suna cikin zangon igwar 'yan tawaye. A nan ne aka kira su Kawu.

Na tambaye shi labarin sau da yawa. Wata rana bayan La'asar, yana zaune a ƙofar shagon wani amininsa yana ɓare goro, na ce, "Kawu, da aka ce ku hau, ba ku tuna Ejigbo ba?"

Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wa ya manta? Laka ba ta gama bushewa a takalman waɗanda suka je ɗauko su ba. Amma an kira lambarka, me za ka ce? Na yi alwala tun a bariki, na ce wa gwaggonka ta yafe mini. Ita kuma ta tura mini ƙuli-ƙuli da yaji a jaka, wai abincin can ba gishiri."

Ya ce cikin Cali ba kujera ba ce irin ta mota. Wani jan yadi ne mai igiyoyi aka ɗaura a jikin ƙarfe, layi huɗu, gwiwarka tana cikin gwiwar na gabanka, bindiga a tsaye tsakanin ƙafafu, bakinta ƙasa. A bayan jirgin an ɗaure akwatunan harsashi a kan faifan ƙarfe an lulluɓe da raga. Ba a jin magana, sai nuni da hannu. Wanda ya samu auduga ya toshe kunne, wanda bai samu ba ya yagi takardar sigari. Da farko zufa, in an yi sama kuma sanyi ya shiga ƙashi. Mai kula da lodi yana ta zirga-zirga a kan kayan mutane da tocila, yana leƙa fukafukai ta 'yar taga, su kuma suna karanta fuskarsa.

"In ya leƙa ya dawo bai ce komai ba, sai mu saki numfashi. In ya daɗe a tagar, sai ka ji na kusa da kai ya fara salati, Kirista ne ko Musulmi."

Saukar ce ya fi tunawa. Ya ce jirgin bai sauko a hankali yadda muke gani a Agege ba, ta kan teku ya zo ya sunkuyo kai kamar shaho, hanjinka ya taso maƙogwaro. Tayoyi na taɓa ƙasa farfela suka juya iska, kowa ya faɗa kan ɗan'uwansa. Ba a kashe inji ba. Ƙofar baya ta sauka, zafi da warin man jirgi suka bugo su, ana daka musu tsawa su fita a guje su bi gefe. Suna fita ana shigar da waɗansu a kan makara, wasu na motsi, wasu an rufe su da bargo har ka.

"Ban ƙirga ba," in ji shi. "Na ga takalmi dai irin nawa."

Wannan barin inji a kunne dabara ce sananniya a jigilar soja. Jirgi a ƙasa shi ne babban abin hari, kuma injin da aka kashe a filin da babu kayan gyara yana iya ƙin tashi. Matuƙin ya gwammace ya ƙona mai da ya kwana a can. Amma hakan na nufin sai ya zo da man komawarsa, ko ya biya Lungi ya sha, kuma duk litar man da ya ɗauko ta rage masa nauyin harsashin da zai iya kawowa. Ga inda Lungi ta yi rana: kilomita 350 ko sama da haka kaɗan ne tsakaninta da Monrobiya, tafiyar ƙasa da awa ɗaya.

Da ƙarin sojoji ta sama da ta ruwa, da igwa daga jiragen ruwa, da Alpha Jet, aka tare harin. Ranar 19 ga Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 788, wanda ya hana sayar wa ɓangarorin Laberiya makamai, ban da ECOMOG. A watannin farko na 1993 rundunar ta fita daga ƙangi ta ƙwace Robertsfield da Harbel da tashar ruwan Buchanan. Sai a lokacin, shekara biyu da rabi da shigarta, ta mallaki titin da babban jirgi zai iya sauka.

Ba zan tsallake ɓangaren Alpha Jet ba, ko da yake Kawu ba ya son a taɓo shi, don a wurinsa jiragen ne suka cece su. Jirgin koyon tuƙi ne da Faransa da Jamus suka ƙera, aka ɗaura masa bom da roka, matuƙi da idonsa yake neman abin da zai harba. Ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi ECOMOG da jefa bom a wuraren farar hula a yankin Taylor, har da asibiti da ayarin motocin agaji. Rundunar da aka tura raba faɗa ta zama ɗaya daga cikin masu faɗan, kuma ta sama ne hakan ya fi fitowa fili. Senegal, wadda aka shigo da ita da tallafin Amurka don Taylor ya daina cewa rundunar ta Najeriya ce, ta janye sojojinta a farkon 1993.

Da manyan suka zo da nasu jiragen

Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Amurka ta yanke taimakon soja ga Najeriya, bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 kuma Tarayyar Turai ta sa takunkumin makamai. Jiragen Najeriya da ke riƙe da Monrobiya ƙirar Amurka ne da ta Turai, kayan gyaransu na hannun waɗanda suka juya wa Abuja baya, alhali su ɗin ma ba sa so ECOMOG ta bar Laberiya.

Abin da Amurkawan suka iya ya bayyana sau biyu. A Afrilun 1996, da faɗa ya sake ɓarkewa a Monrobiya, sojojin Amurka suka sauka a Lungi ɗin nan, suka riƙa kwaso mutane da helikwafta daga ofishin jakadancinsu, daga Lungi kuma a wuce da su Dakar. Cikin 'yan makonni sun fitar da fiye da mutum 2,000. A Fabrairu da Maris na 1997, lokacin Janar Victor Malu na kwance ɗamarar mayaƙa gabanin zaɓe, wasu C-130 na Amurka suka taso daga sansanin Ramstein na Jamus suka yada zango a Abidjan, suka kwashi sojojin Mali da na Gana fiye da 1,000 da kayansu zuwa Robertsfield cikin kimanin mako biyu. Jirgin iri ɗaya ne da namu, injin iri ɗaya. Bambancin shi ne su sun zo da makanikansu, da kayan gyaransu, da masu lodinsu, da wani jirgin a ajiye ko da ɗaya zai ƙi tashi. A ganina nan ne ainihin tazarar take, ba a ƙwarewar matuƙa ba, don wanda ya sauke Cali a Spriggs Payne ana ruwan wuta babu abin da za a koya masa.

An yi zaɓen ranar 19 ga Yuli, 1997, Taylor ya ci da kusan kashi 75 cikin ɗari. Kafin nan, a watan Mayu, soja sun sake kifar da gwamnati a Freetown, Lungi da aka aro don yaƙin Laberiya ta koma sansanin da sojojin Najeriya ke tsare da shi da bindiga don yaƙin Saliyo kanta.

Kawu bai je wannan ba, ya riga ya dawo. Ta ruwa aka maido su, kwana huɗu yana amai, suka sauka Apapa. Ya ce ya gode Allah da hakan, don ya ga irin waɗanda ake maidowa ta sama. Har yanzu in Cali ya biyo ta kan Agege yakan dakata da maganar da yake yi, ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta wuce wajen Ikeja. Ran nan na ce, "Kawu, me kake ji ne?"

Ya ce, "Ƙirgawa nake yi. Huɗu ne, duk suna aiki." Ya miƙo mini ɓarin goro.